Za mu hau Uludag ranar Asabar amma an ce akwai lodos: mu tafi ko mu ɗaga?

Ummin Zazzau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Istanbul, wannan ce shekarata ta farko. Mun gama jarrabawar zango, to ni da ƙawayena huɗu da yayan ɗaya daga cikinmu mun shirya zuwa Bursa ranar Asabar mai zuwa domin mu hau dutsen Uludag. Ba wasan zamiya za mu yi ba, cikinmu ba wanda ya iya. Muna dai so mu ga dusar ƙanƙara mai kauri da idonmu, mu taka ta, mu hau ɗan kizak ɗin nan da yara ke sulalawa a kai, mu ɗauki hotuna mu tura wa su Mama. Wadda ta sauka a unguwarmu kwanakin baya kafin azahar ta narke.

Tsarinmu shi ne mu hau jirgin ruwan safe zuwa Mudanya, garin bakin teku da ke kusa da Bursa, mu shiga mota zuwa cikin Bursa, mu hau teleferik, wato akwatunan da ke tafiya a jikin waya suna kai mutane kan dutse, da dare mu dawo ta hanyar da muka zo.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Wayata ta nuna ranar Asabar Bursa za ta kai digiri 17. Na yi murna sosai, don sanyi yana ba ni wahala, na ce ga rana mai daɗi Allah ya ba mu. Amma da na gaya wa dattijuwar da ke kula da gidan kwananmu, sai ta girgiza kai ta ce "lodos", ta yi ta nuna min da hannu cewa kada mu je. Turkancina bai kai in gane sauran bayanin nata ba. Don Allah waɗanda suka san wurin, mene ne lodos ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da tafiyarmu? Idan gari ya yi ɗumi ba shi ne lokacin da ya fi dacewa da irinmu ba? Sannan wane kaya za mu sa?

Ɗan Kayseri

Wa alaikumus salam. Ki ji maganar dattijuwar nan. Mu nan Kayseri muna gindin dutsen Erciyes, wanda tsawonsa mita 3,917 ne, kuma duk ranar da iskar kudu ta tashi da ƙarfi ana tsayar da kujerun igiya masu kai mutane kan dutse, mutane su dawo ba su yi komai ba. Bursa ma ta fi mu sanin lodos. Bari mutanen can su yi miki bayani dalla-dalla.

Baban Hanifa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina zaune a Bursa da iyalina, a ɓangaren Gorukle kusa da jami'a, kuma dutsen nan ta tagar kicin muke kallonsa. Amsa a taƙaice: ku ɗaga. Wannan digiri 17 da ya faranta miki rai shi ne babbar alamar da ke cewa kada ku zo. A ƙarshen Janairu Bursa ba ta yin irin wannan ɗumi haka kawai. Idan kika ga ya yi, iska ce ta kawo shi, kuma iskar ce za ta rushe tsarinku tun daga bakin ruwa har ƙolin dutse.

Lodos iska ce da ke kadawa daga kudu maso yamma. Tana tasowa ne idan hadari yana tahowa daga yamma, sai ya jawo iska mai ɗumi daga wajen Bahar Rum ya turo ta gabansa. Wani lokaci har ƙurar Sahara take ɗaukowa daga arewacin Afirka, in ruwa ya biyo baya ka tarar da motarka ta yi ja da laka. Istanbul ma tana samunta, amma ta Bursa daban ce saboda yadda garin yake zaune. Uludag yana kudu da mu, ƙolinsa mita 2,543, garin kuma yana kwance a gindinsa bai fi mita ɗari da 'yan kai daga saman teku ba. Dole iskar ta tsallako dutsen sannan ta gangaro mana. Iskar da ke gangarowa tana matsewa tana ƙara zafi, kusan digiri ɗaya a kowace mita 100, tana kuma bushewa tana ƙara gudu. Kafin ta iso cikin gari ta zama mai ɗumi, mai ƙarfi, tana zuwa da bugu-bugu. Shi ya sa za ki ga mutane sun cire jaket a tsakiyar sanyi, amma rufin kwano na tashi, rassan itatuwa na karyewa, kowa na kukan ciwon kai da kasala.

Yanzu bari in bi tsarin naku ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin ruwa shi ne farkon abin da lodos ke taɓawa. Tana tayar da igiyar ruwa a tekun Marmara, kuma jirage masu gudu na BUDO da IDO da ke tsakanin Istanbul da Mudanya ana yawan soke tafiyarsu a irin wannan rana, wani lokaci da daren jajibiri, wani lokaci da safiyar ranar. Abin da ya fi ban tsoro ma ba sokewar safe ba ce. Ana iya barin na safe ya tashi, iska ta ƙaru da rana, a soke na yamma, ku tsinci kanku a Mudanya da dare ku shida ba masauki.

Sai teleferik. Wannan da ake hawa yanzu an sabunta shi a 2014, na farkon tun 1963 yake. Yana tashi daga Teferruc, ya bi ta Kadiyayla, ya kai Sarialan a mita 1,635, ya ƙare a wajen otal-otal a kusan mita 1,800. Tsawon layin ya kusa kilomita 9, kuma akwatunan a rataye suke a jikin waya, suna ratsa kwazazzabai. Idan iska ta yi ƙarfi ana rufe shi, kuma daidai ne a rufe. Duk wanda ya zauna a Bursa ya saba ganin sanarwar cewa yau teleferik ba zai yi aiki ba saboda lodos.

Na uku, dusar kanta, wadda dominta za ku zo. Ga lissafin da nake so kowane sabon zuwa ya riƙe. A rana ta yau da kullum, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin gari da wajen otal-otal akwai kusan mita 1,700, wato bambancin digiri 11 ke nan. A ranar lodos bambancin yana iya fin haka, ya kai 15 ko 16. To ki cire daga 17 ɗinki. Za ki samu a can sama ana tsakanin digiri 1 zuwa 6 sama da sifiri. Ma'anarsa dusa tana narkewa, ga iska mai ɗumi tana lashe ta. Abin da za ku taka caɓi ne mai nauyi da ke cika takalmi da ruwa, kizak ba ya gudu a kansa, a wurare masu ƙasa-ƙasa irin Sarialan har ƙasa da duwatsu suna iya leƙowa. Ba irin farar dusa mai laushi da kike gani a hoto ba ce. Kuma kada ki ce ai digiri 4 ba sanyi sosai, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa da iska mai gudu sun fi digiri 5 ƙasa da sifiri a rana mai tsit cutarwa.

Akwai kuma wani abu da ba na so in wuce shi, ko da bai shafi yawon buɗe ido ba. A Bursa lodos tana kashe mutane a cikin ɗakunansu. Iskar tana danna hayaƙi ya koma cikin bututun murhun kwal ko na itace, wanda suke kira soba, gubar hayaƙin ta cika ɗaki mutane suna barci, ba wari ba launi. Duk lokacin da za ta taso hukumomi suna roƙon jama'a su kashe soba kafin su kwanta. Mun san irin wannan a gida da gaushin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Idan Allah ya sa kuka kwana a wani tsohon gida ko masauki mai soba, ko kina da ƙawaye da ke zaune a irinsa, ki gaya musu. A ƙarshen Nuwamban 2021 ma lodos ta yi ɓarna sosai a yankin Marmara, an rasa rayuka a Istanbul sanadin rufin gidaje da abubuwan da iska ta ɗebo. Dattijuwar nan ta ga irin waɗannan ranaku, shi ya sa ta girgiza kai.

Ummin Zazzau

Innalillahi. Na gode ƙwarai Yaya, Allah ya saka da alheri, ya raya Hanifa. Wallahi lambar zafi kawai nake dubawa a waya. To yanzu wace rana za mu zaɓa? Hutunmu mako biyu ne, kuma yayan ƙawar tawa zai koma Najeriya ranar Juma'a ta sama. Muna jin tsoron kada mu yi ta ɗagawa har hutun ya ƙare. Kuma a ina kuke duba hasashen da kuke yarda da shi?

Baban Hanifa

Amin, na gode. Kada ki damu, lodos ba ta daɗewa, yawanci kwana ɗaya zuwa uku ne, kuma abin da ke biyo bayanta shi ne kuke nema. Turkawa suna cewa idon lodos mai hawaye ne, domin ƙarshenta ruwa. Idan hadarin da ke turo ta ya iso, sai ruwa ya sauko, iska ta juya ta koma daga arewa maso yamma, wadda suke kira karayel, ko daga arewa maso gabas, wato poyraz. Zafi yakan faɗi da digiri goma ko fiye cikin yini ɗaya. Ruwan da ke sauka a gari, a kan dutse dusa ce sabuwa. Ranar da kuke so ita ce ta farko ko ta biyu bayan dusar ta tsaya, iska ta kwanta, sama ta washe. A ranar za ki ga itatuwan da ke gefen layin teleferik sun yi fari fat, daga Bakacak kuma, wani wurin kallo a kan dutsen, ana hango Bursa gaba ɗaya a ƙasa. Za a yi sanyi sosai, amma sanyi ne da kaya ke maganinsa.

Ranar da dusar ke kan sauka ma ku bar ta ta wuce. Ba a gani, hanya na toshewa, motocin share hanya ba su gama aiki ba. Sannan idan lodos ta wuce ba a samu sabuwar dusa ba, caɓin nan da ya narke yana daskarewa da dare ya zama ƙanƙara mai santsi, a nan ne ake karya hannu da ƙugu. Saboda haka ki tabbata an samu sabuwa a kai.

Game da inda nake dubawa, na farko hukumar yanayi ta ƙasa, MGM. Tana da shafi da manhajar waya, tana kuma sa wa kowane lardi launi: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Ko ba ki jin Turkanci launi kina ganinsa. Idan Bursa ta yi rawaya saboda iska, ni ba na hawa da yara. Ruwan lemo kuwa ko magana babu. A shafin nasu akwai kuma kaurin dusa na wuraren wasan zamiya, Uludag na ciki, ana sabunta shi a lokacin sanyi. Kalmomi kaɗan za su ishe ki: ruzgar iska, firtina guguwa, kar dusa, sis hazo, buzlanma daskarewar hanya.

Na biyu manhajojin hasashen yanayi na Windy ko Meteoblue, amma ki ɗora alamar a kan dutsen, ba a kan garin Bursa ba. Wannan shi ne tarkon da wayoyi ke jefa mutane, suna ba ka yanayin tsakiyar gari alhali kai za ka hau mita 1,800. Kuma ki fara da iska kafin zafi. Lambobi biyu za ki gani, matsakaicin gudu da kuma bugu mafi ƙarfi. Na biyun ne ke rufe teleferik, shi ne kuma ke ture mutum. A ma'aunin masu jirgin ruwa, daga kilomita 62 a awa an shiga guguwa. Ni dai in na ga bugu ya haura 50 a sama, na haƙura. Ki dubi kibiyar ma: in daga kudu ko kudu maso yamma take fitowa, kin san ko wace ce. A Windy ana iya sauya tsarin hasashe, na Turai da na Amurka. In suka yi daidai hankalina yana kwanciya, in suka saɓa sai in jira gobe in sake dubawa.

Ki kuma riƙe wannan: digiri 5 ƙasa da sifiri, in aka haɗa da iska mai gudun kilomita 40, a fata kamar 14 ƙasa da sifiri yake.

Hasashen kwana goma da waya ke nunawa, ki ɗauke shi a matsayin jita-jita. Na kwana uku ana iya gina shiri a kansa, na gobe shi ne abin dogaro. Don haka kada ku tsayar da rana ɗaya. Ku ware Talata, Laraba da Alhamis, ku yanke hukunci daren jajibiri, da safe kuma kafin ku fita ku duba abu biyu: sanarwar teleferik a shafukansu na sada zumunta, da kyamarorin da ke nuna dutsen kai tsaye. In kyamara ta nuna fari kawai ba itace ba gini, hazo ne ya rufe.

Tsakiyar mako tana da wata fa'ida. Ƙarshen Janairu makarantun Turkiyya suna hutun tsakiyar shekara na mako biyu, Asabar da Lahadi layin teleferik yana iya cinye muku awanni. Sannan ku yi tunanin zuwa da bas maimakon jirgin ruwa. Tun da aka buɗe gadar Osmangazi a 2016 tafiyar ba ta wuce awa biyu da rabi zuwa uku in ba cunkoso, kuma bas ɗin dawowa ba ya dogara da halin teku. Rana a ƙarshen Janairu sai bayan ƙarfe takwas take fitowa, ta faɗi wajen shida da kwata. Ku yi ƙoƙari ku kai sama kafin sha ɗaya, ku fara saukowa da la'asar, don da zarar inuwa ta rufe wurin sanyi yake sauka lokaci guda.

Maman Sadik

Sannu Ummi. Ni ma a Bursa nake, ina aikin jinya, bari in amsa miki maganar kaya tunda Baban Hanifa ya gama da iska.

Ki fara daga ƙafa. Kambas da takalmin makaranta ba za su yi ba, cikin minti kaɗan za su jiƙe. Ki nemi but wanda ruwa ba ya shiga, mai kaushin ƙasa, ya ɗan fi ƙafarki girma don safa mai kauri ta samu wuri. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafa ta fi saurin daskarewa. Safar ulu ɗaya mai kyau a ƙafa, wata a jaka cikin leda. In ba ki da but, akwai shagunan haya a ƙasa da sama, suna ba da wando da jaket da takalmi na yini.

A jiki kuma hawa uku: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, ta tsakiya suwaita, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta zama ita ke sanyaya ki. Wandon jins ma haka.

Mu mata sai mun ƙara kula. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana shan ruwa daga ƙasa ta yi nauyi, tana kuma iya harɗe ki a kan kizak ko wajen shiga teleferik, don akwatin ba ya tsayawa cak, a hankali yake tafiya kina shiga. Ni wandon dusa mai faɗi nake sawa, da doguwar jaket har gwiwa, in sa hijabi ƙarami mai shiga cikin wuyan jaket, in ɗora hular ulu a kai. Suturarki ta cika, kuma ba abin da iska za ta ɗaga. Mayafi mai dogon jela ki bar shi a gida. Safar hannu ta zama wadda ba ta shan ruwa, don na san za ku dunƙula dusa ku jefi juna, ta ulu zalla nan da nan take jiƙewa.

Abin da mutanenmu suka fi rainawa shi ne rana. Muna cewa ai mu baƙaƙe ne, mun fito daga ƙasar rana. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata da ido, ga shi a kan dutse hasken ya fi ƙarfi. Ido ba ruwansa da launin fata. Mutum zai wuni lafiya, sai da dare ido ya kama zafi da hawaye kamar an zuba yashi. Kowa ya riƙe baƙin tabarau. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da kumatu.

Ku yi alwala tun daga ƙasa, ku tsane hannu da fuska sosai kafin ku fita waje. Ku ci abinci mai nauyi da safe, ku riƙe fulas na shayi da dabino, don abinci a sama yana da tsada. Ku gwada salep, madara ce mai kauri da kirfa, tana ɗumama jiki. Waya kuma a aljihun ciki, sanyi yana zuƙe batir.

Idan ɗaya daga cikinku ta fara karkarwa ba tsayawa, ko magana ta fara sarƙe mata, ko yatsu suka daina ji suka sauya launi, ku shigar da ita wuri mai ɗumi nan take, ku cire jiƙaƙƙun kaya. Kada a murza yatsun, kada a kanga su a jikin hita, ruwa mai ɗumi-ɗumi ko hammata ya isa. Duk mai asma ta zo da abin shaƙarta. Mai sikila kuwa, sanyi da tsawon dutse duka suna iya tayar mata da ciwo, ta yi magana da likitanta tukuna.

Abba Sakarya

Ni fa ina ganin an ɗan tsorata su da yawa. Mu mun je bara ranar da aka rufe teleferik, muka hau dolmush, wato ƙaramar bas ta haya, ta hanyar mota, kilomita 36 ne kawai, muka isa lafiya muka yi hotunanmu muka dawo. Mutane dubbai suna can a otal ko da lodos ko babu. In Asabar ce ranar da kowa ya samu dama, su je abinsu, su dai kula.

Baban Hanifa

Malam Abba, gaskiyarka ta wani ɓangare. Hanyar mota tana nan, dolmush na hawa, kuma a ranar lodos kwalta ma ba ta cika daskarewa ba. In sabuwar dusa ta sauka ne jandarma, jami'an tsaron wajen gari, ke tsayawa a Karabelen, ƙofar shiga dutsen, suna duba tayar sanyi da sarƙa. Wanda ya kama ɗaki a otal na kwana huɗu, ranar iska sai ya zauna ciki ya sha shayi ya jira gobe. Su Ummi kuwa yini ɗaya gare su, da kuɗin ɗalibi, kuma wataƙila shi ne zuwansu na farko da na ƙarshe a bana. Ban ga dalilin da za su kashe shi a ranar da ta fi kowace muni ba, alhali kwana uku gaba akwai wadda ta fi kowace kyau.

Sannan akwai abin da ya sa nake tsananta magana a kan dutsen nan. Kusancinsa da gari yana sa a raina shi. Tun 1961 aka mayar da shi gandun ƙasa, daji ne mai faɗi da kwazazzabai masu zurfi, wajen otal-otal ɗan yanki ne kawai a cikinsa. Lokacin da yanayi ke juyawa daga lodos zuwa karayel, gajimare yana sauka a kan dutsen cikin mintoci. Ummi, ke 'yar Zariya ce, kin san hazon hunturu da ke sa a kunna fitilar mota da rana. Wancan ko ya yi kauri kina ganin ƙasa ja a ƙarƙashinki, kin san inda sama take. Wannan kuwa sama fari, ƙasa fari, ba ki sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, iska kuma tana shafe sawunki a bayanki. A Disamban 2019 wasu mutum biyu masu sha'awar hawan dutse sun ɓata a cikin irin wannan hazo a Uludag. An kwashe fiye da mako biyu ana nemansu da ɗaruruwan ma'aikata kafin a gano gawarwakinsu. Duk wanda yake Bursa a lokacin bai manta ba.

Saboda haka ko a rana mai kyau, ku tsaya inda mutane suke, inda kuke ganin gini ko turakun igiya. Kada sha'awar hoto a dusar da ba a taka ba ta ja ku cikin itatuwa. Kada ku tsaya a tsakiyar filin masu zamiya, suna gangarowa da gudu, sababbin koyo kuma ba su iya birki ba. Filin kizak daban yake. Tafkunan da ke kusa da ƙoli, su Karagol da Kilimli da Aynali, na bazara ne, a Yuli ko Agusta, tare da wanda ya san hanya. In wani abu ya faru lambar ita ce 112, akwai rundunar ceto ta jandarma a kan dutsen. Ku tura musu inda kuke ta waya, ku tsaya wuri ɗaya, kada ku ce za ku gangara ku nemi gari da kanku, gangaren ne ke kai mutum cikin kwazazzabo. Kafin ku hau, ku gaya wa wani a ƙasa lokacin da kuke sa ran saukowa.

In kuka iso kuka tarar an rufe teleferik ba zato, kada ku ji kun yi asara. Bursa ta shiga hannun Usmaniyawan Turkiyya a 1326, ita ce babban birninsu kafin Edirne da Istanbul. Ku yi azahar a Ulu Jami mai ƙubba 20, ku hau Tophane ku ga kaburburan Usman Gazi da ɗansa Orhan, ku ci iskandar kebab a garin da aka ƙirƙiro shi.

Ummin Zazzau

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa ƙawayena komai, mun fasa Asabar. Na saukar da manhajar MGM, Bursa ta riga ta yi rawaya daga daren Juma'a. Windy yana nuna ruwa ranar Lahadi, dusa a kan dutse Litinin, iska ta faɗi Laraba. Mun ware Laraba da Alhamis, za mu zo da bas, tikiti sai daren Talata in mun sake dubawa. Anti Maman Sadik, ɗaya daga cikinmu tana da asma, ta ce za ta zo da abin shaƙarta guda biyu. Saura but, gobe in sha Allah za mu shiga kasuwa.